Laccar Bidiyo da Jarrabawar Lasisin Aikin Lafiya: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Kudancin Kaduna yanki ne da ya daɗe yana yaye ma'aikatan lafiya. A Kafanchan akwai kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta jihar Kaduna, a Zonkwa akwai makarantar St. Louis ta 'yan Katolika, a Kagoro kuma kwalejin fasahar lafiya ta ECWA. 'Ya'yan yankin da suka nufi likitanci sukan tafi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Jihar Kaduna, ko su haura Jos. Wasu kuwa iyaye ne ke tattara kuɗin citta, a haɗa da gudummawar dangi, a tura su ƙetare. Duk hanyar da mutum ya bi, sai hukuma ta gamsu da shi ta ba shi lasisi kafin ya taɓa mara lafiya da sunan aiki.

A 'yan shekarun nan, babban kaso na shirin jarrabawar lasisi ya koma cikin waya. Ɗalibi na zaune da abin sawa a kunne har tsakar dare, malami daga Amurka ko Ingila ko Indiya na zana masa zuciya da ƙoda a kan allo. Iyaye na biyan kuɗin data, suna tambayar kansu ko karatu ake yi ko kallo. Amsar a taƙaice ita ce: bidiyo gwani ne wajen sa mutum ya gane abu, amma ganewa kaɗai ba ta cin jarrabawa. Jarrabawa na neman ku fito da abin daga kanku ba tare da malami ba, cikin ƙayyadadden lokaci, sannan ku nuna shi da hannu a jikin mutum. Waɗannan biyun, allo ba ya yi wa kowa su.

Da farko, wace jarrabawa za ku zauna?

Da wannan tambaya ya kamata a fara, domin akwai masu shafe watanni suna shirin jarrabawar da ba tasu ba.

Likitan da ya yi karatu a Najeriya, a makarantar da hukumar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, wato MDCN, ta amince da ita, ba ya zama wata jarrabawar lasisi ta daban. Jarrabawoyin da ya ci cikin shekaru shida na digirin MBBS su ne ma'auninsa. Idan ya gama sai a yi masa rajistar wucin gadi, ya yi wata 12 yana sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya, yana zagaya sashen cututtukan manya, da na tiyata, da na yara, da na mata da haihuwa. Bayan nan ne ake ba shi cikakkiyar rajista.

Wanda ya yi karatunsa a waje, Sudan ce ko Masar ko Yukren ko Rasha ko Sin ko Indiya, shi dole ne ya zauna jarrabawar tantancewa ta MDCN. Ana yin ta ne a manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ibadan. Ta ƙunshi tambayoyin zaɓi a kwamfuta, da gane cuta ta hoto, da gwajin aiki a aikace da ake kira OSCE. Ba jarrabawar wasa ba ce. An yi zaman da fiye da rabin waɗanda suka shiga ba su tsallake ba.

Masu aikin jinya da ungozomomi, irin ɗaliban Kafanchan da Zonkwa, tasu hukumar daban ce, wato NMCN, kuma kowa sai ya ci jarrabawarta ta ƙasa kafin ya sami lasisi. Ita ma yanzu tana da ɓangaren kwamfuta da ɓangaren OSCE. Ma'aikatan lafiyar al'umma, waɗanda ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙauyuka, su ma suna da hukumar rajistarsu da jarrabawarta.

Sai masu niyyar fita waje. Amurka na da USMLE mai matakai uku. Tun watan Janairun 2022 matakin farko ba a ba shi maki, ci ne kawai ko faɗuwa. Ingila na da PLAB: kashi na farko tambayoyi 180 ne cikin awa uku, na biyu kuma gwajin aiki ne mai tashoshi 16 da ake yi a Manchester. Ma'aikatan jinya masu son Amurka ko Kanada suna zama NCLEX. Likitan da ke son ƙwarewa a gida kuwa yana da jarrabawar share fage ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma.

Kowace daga cikin waɗannan tana da manhajarta. Ku nemo ta daga hukumar kanta, ku buga ta a takarda, ku ajiye kusa. Ita ce za ta zaɓa muku bidiyo, ba abin da abokai ke yayi ba.

Su wa ke yin bidiyoyin, kuma don wa?

Yawancin laccocin da suka yi suna an yi su ne don ɗalibin Amurka. Pathoma, ta Dakta Husain Sattar na Jami'ar Chicago, ta shahara wajen bayanin yadda cuta ke lalata jiki. Boards and Beyond ta Dakta Jason Ryan ce, likitan zuciya. Sketchy na amfani da zane mai labari don a haddace ƙwayoyin cuta da magunguna. Osmosis, wadda ɗaliban likitanci suka fara a Jami'ar Johns Hopkins, gajerun bidiyoyi take yi masu zane. Lecturio daga Leipzig ta ƙasar Jamus take. Duk waɗannan na biya ne, da dala, ko da yake wasunsu na sakin wani kaso kyauta.

A YouTube kuma akwai Ninja Nerd, da Armando Hasudungan mai zane da hannu, da wani ɓangare na laccocin Dakta Najeeb, waɗanda aka sani da tsawo da maimaita bayani har sai ya zauna. Geeky Medics ta Ingila ta fi ƙarfi wajen nuna yadda ake duba mara lafiya mataki-mataki, don haka masu shirin OSCE ke yawan komawa gare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma na da darussan intanet na kyauta kan cututtukan da ke ɓarkewa.

Amfaninsu a fili yake. Akwai abubuwan da motsi ne ke bayyana su: yadda jini ke bi ta ɗakunan zuciya huɗu, yadda kan jariri ke juyawa a ƙugu lokacin naƙuda, yadda ƙoda ke tace jini. Shafi uku na littafi ba su kai zane mai motsi na minti biyar ba a irin wannan wuri. Ga shi kuma ana iya tsayar da malami, a mayar da shi baya sau biyar, ba ya gajiya ba ya tsawa. Ɗalibin da ke Kwoi ko Kachia ko Gwantu, inda babu babban ɗakin karatu na likitanci, yana jin bayanin da ɗan Chicago ke ji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda kallo ke yaudarar mutum

Matsalar ita ce bayani mai daɗi yana sa mutum ya ji kamar ya iya. Malami ya bi da ku daki-daki, komai ya hau kan komai, kuna ta gyaɗa kai. Kwana uku bayan nan a tambaye ku, sai ku tarar hoton allon kuke tunawa, ba abin da ke kansa ba. Wanda ya shekara a bakin shagon tela yana kallon ɗinki zai iya ba ku labarin yadda ake yanka wuyan riga tsaf, amma ku miƙa masa almakashi da yadi ku gani.

Masana sun daɗe da auna wannan. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa na faruwa ne cikin sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, sai in an waiwayi abin. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu kuma aka sa su rufe takarda su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba, kuma su suka fi yarda da kansu. Bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu rubutowa daga ka sun tuna kusan kashi 61 cikin 100, masu maimaita karatu kuma kashi 40.

A kan bidiyo ma an gwada. A 2013 wasu masu bincike a Jami'ar Harvard sun raba laccar minti 21 gida huɗu. Ɗaliban da ake yi wa tambayoyi bayan kowane kashi hankalinsu bai cika tafiya wani wuri ba, sun fi rubutu, kuma sun fi cin gwajin ƙarshe. A 2014 kuma aka duba miliyoyin zaman kallo a dandalin karatu na edX, aka ga yawancin mutane ba sa wuce minti shida suna bin bidiyo da hankali ɗaya, komai tsawonsa.

Batun ƙara gudun bidiyo fa? Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya nuna cewa ninka gudu har sau biyu bai rage fahimta sosai ba, amma daga sau biyu da rabi abin ya fara lalacewa. Sai dai a tuna, waɗancan ɗalibai da kunnensu ya saba da lafazin malamin ne. Idan Turancin Ba'amurke ko Ba'indiye na yi muku gardama, ku bar shi a gudunsa, ku kunna rubutun ƙasan allo. Ƙara gudu ya fi dacewa da bita, ba da karon farko ba.

Laccar waje, mara lafiyar gida

Jikin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina, don haka darasin sassan jiki da yadda suke aiki ba ya canzawa daga Chicago zuwa Kafanchan. Da zarar an shiga cututtuka da magani kuwa, hanya ta rabu.

Laccar Amurka kan ba zazzaɓin cizon sauro 'yan mintoci, a matsayin cutar matafiya. A nan shi ne abincin yau da gobe, kuma mai jarrabawa a Najeriya zai so ku san alamomin mai tsanani, ku san allurar atisunet ta jijiya ce maganin farko, ana yin ta nan take, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24, sannan kullum sau ɗaya har mara lafiya ya iya haɗiyar ƙwaya. Zai tambaye ku sikila, da sanƙarau, da tarin fuka, da taifot da ya huda hanji, da tamowa, da yoyon fitsari, da saran kububuwa. Zai tambaye ku zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 bayan wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ta kamu a garin Lassa na Borno, aka kai ta asibitin mishan a Jos. Mashaƙo, wanda laccocin waje ke ambata kamar tarihi, ya ɓarke a Kafanchan kanta a watan Yulin 2023, ya ci rayukan yara.

Jadawalin rigakafi ma daban ne. A Najeriya jariri na samun allurar BCG da ɗigon shan-inna da ta ciwon hanta tun haihuwa, sai allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar a mako na 6 da na 10 da na 14, sai ta ƙyanda da ta shawara a wata tara. A Amurka ba a yi wa jarirai BCG a bai ɗaya. Wanda ya haddace jadawalinsu ya shiga jarrabawar NMCN ko MDCN da shi, ya faɗi tambayar da ɗan aji ɗaya zai ci.

Akwai kuma ma'auni da sunaye. Ba'amurke zai ce sukarin jinin mai azumi ya kai 126 a ma'auninsu, wani ɗakin gwajin a nan ya rubuta 7.0 a nasa ma'aunin, alhali abu ɗaya ake nufi: ana raba na farkon da 18 ne a sami na biyun. Farasitamol da kowa ya sani, su asitaminofen suke ce masa. Salbutamol na masu asma, albuterol ne a wurinsu.

Dokar da za ku riƙe ke nan: yadda cuta ke aiki, ku koya a bidiyo. Yadda ake maganinta, ku ɗauka daga ƙa'idojin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da na hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC, da littattafan da malamanku ke koyarwa da su. Idan biyun suka saɓa, ƙa'idar ƙasar da za ta ba ku lasisi ce gaba.

Yadda zama ɗaya ya kamata ya kasance

A ce ɗalibar ungozoma ce a Kafanchan, yau darasinta jijjigar masu ciki. Tana da awa ɗaya da rabi bayan ta sauka daga aiki.

Kafin ta kunna komai, ta ɗauki tambayoyi biyar na shekarun baya kan darasin ta amsa, ko da kame-kame ne. Ta ci biyu, ta faɗi uku. Yanzu ta san abin da take nema a bidiyon.

Ta kunna laccar minti 20. Malamin ya bayyana yadda mabiyiya da ba ta kafu daidai ba ke sa jijiyoyin jinin uwa su takura, jini ya hau, furotin ya zubo a fitsari, kai ya yi ciwo, gani ya dushe. A minti na bakwai ta tsayar, ta kife wayar, ta zana abin a takarda da kanta. Ta kakare a kan dalilin ciwon da ake ji a saman ciki ta dama. Ta koma baya minti ɗaya: hanta ce ke kumbura. Ta ci gaba.

Da malamin ya zo kan magani, ya ce a ba da magniziyom salfet ta jijiya, sannan a ci gaba da ɗura shi awa-awa da na'ura. A nan ta buɗe littafin ajinsu. A asibitocin da babu wannan na'ura, tsarin Pritchard ake bi: giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 10 a tsoka, biyar a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. Kafin kowace allura a duba abu uku: gwiwa na harbawa idan an buga ta, numfashi bai ragu ba, fitsari na fita. A ajiye kalsiyom gulukonet kusa, shi ne makarinsa idan ya yi yawa. Ta rubuta tsarin biyu gefe da gefe, ta ja layi a ƙarƙashin na gida.

Sauran rabin awar ta ba tambayoyi 20, da agogo a gabanta. Duk wadda ta faɗi, ta rubuta dalilin faɗuwar a layi ɗaya: rashin sani ne, ko gaggawa, ko rashin fahimtar tambaya. Waɗannan layuka su za ta waiwaya gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako, da bayan wata. Wasu na amfani da manhajar Anki, wadda kyauta ce a kwamfuta da wayoyin Android, ita ke tsara ranakun waiwaye. Katin kwali da aka yanka aka ɗaure da roba ma yana yin aikin.

Ku lura da rabon lokacin. Cikin minti 90, kallo bai wuce 25 ba.

Abin da sai da hannu

A OSCE, ɗalibi na bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya, kowace da 'yan mintocinta, ƙararrawa na kaɗawa a matsa gaba. A wata tasha a ce ku ɗauki tarihin ciwo, a wata ku duba ciki, a wata ku nuna yadda ake farfaɗo da jariri a jikin 'yar tsana, a wata ku yi wa uwa bayanin cutar ɗanta. Mai jarrabawa na riƙe da takarda yana duba ko kun gaisa, kun faɗi sunanku, kun nemi izini, kun wanke hannu, kun rufe wa mara lafiya jiki.

Bidiyo zai nuna muku jerin matakan, kuma yana da kyau ku kalla. Amma ba zai gaya wa yatsunku yadda bakin saifa da ta kumbura ke taɓo su ba idan yaro ya ja numfashi, ko yadda ake bambance kan jariri da ɗuwawunsa ta saman cikin uwa. Ita kanta MDCN ta faɗi matsayinta a 2022, bayan yaƙi ya tarwatsa ɗaliban da ke Yukren wasu makarantu suka koma koyarwa ta intanet: ta ce ba ta amince da karatun likitanci da aka yi ta intanet ba.

Don haka wanda ya dawo daga waje yana jiran jarrabawa, kada ya kulle kansa a ɗaki. Ya nemi izini a rubuce ya riƙa bin likitoci zagayen duba marasa lafiya, a matsayin mai koyo, ba mai ba da magani ba. Babban asibitin Kafanchan mai sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, wanda aka mayar Cibiyar Lafiya ta Tarayya a 2025, da asibitin St. Louis na Zonkwa, da asibitocin koyarwa na Jos da Shika da Barau Dikko a Kaduna, duk wurare ne da ake ganin cututtukan da za a tambaya. Wanda ya yi karatu da marasa lafiya masu jin Rashanci ko Sinanci yana kuma bukatar ya saba da tambayar ciwo da Hausa, ya san abin da tsohuwa ke nufi idan ta ce jikinta na mutuwa ko zuciyarta na tashi.

A gida kuma a haɗu mutum uku. Ɗaya likita, ɗaya mara lafiya, ɗaya mai jarrabawa da agogo da takardar maki. A yi, a juya. A ɗauki zaman da kyamarar waya, a kalla tare. Bidiyon da kuka ɗauki kanku kuna kuskure ya fi koya muku OSCE a kan na ƙwararren da ba ya kuskure.

Data, wuta da aljihu

Kallon awa ɗaya a ƙaramin inganci, wanda YouTube ke rubuta wa 360, yakan ci kimanin megabait 300. A 720 kuwa yakan kai gigabait ɗaya ko fiye. Laccar awa 100 ke nan za ta iya tsayawa a gigabait 30, ko ta haura 100, ya danganta da abin da kuka zaɓa. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan bambanci ya zama kuɗi na gaske. Ga laccar allo da alli, 360 ko 480 ya wadatar. A ajiye babban inganci don hotunan fata, da na'urar hangen ƙwayoyin cuta, da hoton ƙirji.

Ku sauke bidiyo a cikin gari inda sabis ke da ƙarfi, ko da daddare lokacin garaɓasar data, ku kalla daga baya intanet a kashe. Riba biyu ce: data ta ragu, saƙonnin WhatsApp da TikTok kuma ba za su riƙa kutsowa tsakiyar darasi ba. Wuta kuwa kowa ya san halinta. Ƙaramin sola ko batirin ajiyar caji ya fi wa ɗalibi amfani a kan sabuwar waya mai tsada. Ranar da babu caji, takarda da katunan bita na nan.

Idan kuɗin bai isa a sayi komai ba, a fifita rumbun tambayoyi mai bayanin amsa a kan laccar biya. Bayani na kyauta ya yi yawa a intanet. Tambayoyi masu kyau, irin na jarrabawarku, su ne ke da wuyar samu. Masu shirin USMLE sun san UWorld da AMBOSS, masu PLAB suna da nasu. Masu MDCN da NMCN kuwa su nemi tambayoyin baya daga malamai da waɗanda suka riga su zama, su tabbatar da kowace amsa a littafi, domin amsoshin da ke yawo hannu-hannu cike suke da kurakurai.

Tarkunan da za ku kauce wa

Na farko, tara kaya. Za ku ga ɗalibi da laccoci kala biyar a kan darasi ɗaya, ya fara wannan ya saki ya kama wancan. Malami ɗaya ga kowane fanni ya isa. A koma ga na biyu ne kawai idan na farkon ya kasa warware wani ƙulli.

Na biyu, bidiyoyin sata da ake rabawa a Telegram ko a filas. Ban da kasancewarsu haƙƙin wasu, wanda dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana ɗauka, yawanci tsofaffi ne, ba kwanan wata a jikinsu. Ilimin sassan jiki ba ya tsufa, amma ƙa'idojin maganin hawan jini, da ciwon suga, da cuta mai karya garkuwar jiki suna canzawa. Duk laccar magani da ba ku san shekarar da aka yi ta ba, ku ɗauke ta da zargi.

Na uku, wanda ba a san ko wane ne ba. Kowa na iya sa farar riga ya kunna kyamara. Ku duba sunan mai magana, da inda yake koyarwa, da ko abin da ya faɗa ya dace da littafi.

Na huɗu shi ne mafi haɗari: masu cewa suna da tambayoyin da za su fito, ko za su zauna muku jarrabawa. A 2023 hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta da ke Ibadan. Ta soke sakamakon duk waɗanda suka zauna a can, har da waɗanda suka ci da guminsu, aka ce su sake, wasu kuma da suka riga suka fara aiki a Ingila aka gurfanar da su gaban kwamitin ladabtarwa. Lasisin da aka samu ta wannan hanya kullum a bakin ƙwacewa yake.

Yadda za a san ko shirin na tafiya

Mai wata shida a gabansa zai iya raba su uku. Watanni ukun farko na ganewa ne: a nan bidiyo ke da babban rabo, amma kullum da tambayoyinsa. Wata biyu na gaba tambayoyi da asibiti su karɓi ragama, bidiyo ya koma abin da ake buɗewa don toshe wata ɓaraka da tambaya ta tona. Watan ƙarshe na gwajin kai ne: cikakkiyar jarrabawa a zaune, da agogo, a kwamfuta in da hali, domin wanda bai saba da linzamin kwamfuta ba yakan yi asarar mintoci a ranar. Barci ma na cikin shiri. Ƙwaƙwalwa na daidaita abin da aka koya ne lokacin barci, don haka kwana kallon lacca a daren jarrabawa hasara ce.

Iyaye da masu ɗaukar nauyi, ku ma kuna da rawar takawa, ko da ba ku san komai a likitanci ba. Kada ku tambayi yaro awa nawa ya kalla. Ku tambaye shi tambaya nawa ya amsa a makon nan, nawa ya ci, kuma mara lafiya nawa ya duba a gaban babba. Ku ce ya ajiye waya ya bayyana muku da Hausa abin da ke kawo hawan jini ga mai ciki. Idan ya iya sa ku gane, ya gane.

Ɗalibi kuma ya riƙe littafi guda na maki. Duk ranar Asabar ya zauna tambayoyi 50 da bai taɓa gani ba, daga fannoni a gauraye, ya rubuta abin da ya samu. Idan mako huɗu suka wuce makin bai motsa ba, ƙarin bidiyo ba zai motsa shi ba. Sai a rage kallo da rabi, a mayar da lokacin kan tambayoyin da aka faɗi da kuma ɗakin marasa lafiya, a sake aunawa bayan mako biyu.